Nazarin Lamari: Yadda Muka Sa Angular Ya Yi Zane a Cikin Taminal

Matsalar da ta kai mu ga wannan aiki ba ta da wani girma a ido. Muna da shafin sa ido da aka gina da Angular, kayan gina manhajojin burauza. Shafin yana nuna jerin ayyukan da sabobinmu ke gudanarwa: wanda ke jira a layi, wanda ake kan yi, wanda ya faɗi tare da dalilin faɗuwarsa, da kuma maɓallin da mai izini zai danna ya sake tayar da shi. Shafin yana aiki lafiya ga duk wanda ke zaune gaban burauza. Sai dai mutanen da suka fi bukatarsa, wato masu kula da sabobin, yawancin lokacinsu a cikin taminal suke, sun shiga na'urar ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, kuma idan abu ya lalace sau da yawa ba su da wata ƙofa sai wannan baƙin allo mai rubutu zalla. Abin da suka roƙa shi ne a ba su abin da shafin ke nunawa a wurin da suke aiki.

Hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko, mu rubuta wata ƙaramar manhaja daban don taminal, wadda za ta sake maimaita ƙa'idojin izini, da yadda ake tace jeri, da yadda ake fassara matsayin kowane aiki. Mun guji wannan saboda mun san ƙa'idar da aka rubuta a wuri biyu ba ta daɗewa sai ta rabu, a gyara nan a manta can, har ranar da shafi zai ce mutum ba shi da izini taminal kuma ya bar shi ya wuce. Ta biyu, mu bar firamwok ɗin yadda yake, wato ƙashin ginin da manhajar ke tsaye a kai, mu sauya masa wurin da yake zane kawai. Wannan ba sabon tunani ba ne. React da Vue takwarorin Angular ne: masu amfani da React suna da Ink na zane a taminal, wanda Vadim Demedes ya fitar a 2017, kuma Vue 3 da ya fito a 2020 ya zo da createRenderer don irin wannan bukata. Angular ma tun fitowarsa ta biyu a watan Satumba na 2016 an raba tsakanin lissafin abin da za a nuna da ainihin nuna shi, kuma a fitowa ta 4, cikin Maris na 2017, aka kawo Renderer2, wato tsarin umarnin da ake aika wa mai zane, da ake amfani da shi har yanzu. Ta wannan kafa ce NativeScript ke sa Angular ya gina manhajar waya. Muka zaɓi hanya ta biyu, muna zaton babban aikin shi ne rubuta mai zanen. A nan hasashenmu ya kuskure, domin mai zanen shi ne mafi ƙanƙantar abin da muka gina.

Mai zane da dandamalinsa

Angular ba ya taɓa shafi da hannunsa. Duk abin da yake so a yi, yana aika wa mai zane ne ta wasu umarni ƙalilan: createElement don ƙirƙirar sabon abu, createText don rubutu, appendChild da insertBefore da removeChild don dasawa da cirewa, setProperty da setStyle da addClass don sauya kama, setValue don sauya rubutun da ke nan, sai listen don sauraron aukuwa. Muka gina bishiya tamu a cikin ƙwaƙwalwa, kowane ƙulli da uwarsa da 'ya'yansa da siffofinsa, muka amsa kowane umarni a kanta. Sannan muka yi amfani da createPlatformFactory tare da platformCore muka haɗa dandamali, muka saka namu RendererFactory2, mai samar da masu zane, a gurbin na burauza, muka tayar da komai a kan Node.js, wanda ke gudanar da JavaScript ba tare da burauza ba.

Kuskuren farko ya fito ne daga umarnin da muka raina, wato createComment. Da yake tsokacin da ke cikin HTML ba ya bayyana ga mai karatu, muka ɗauka babu amfanin ajiye shi a bishiyar, muka mayar da wani abu maras uwa muka wuce. Ashe Angular yana amfani da waɗannan ɓoyayyun ƙulle-ƙulle ne a matsayin turke. Duk inda aka rubuta ngIf, mai nuna abu bisa sharaɗi, ko ngFor, mai maimaita abu a jeri, yana kafa tsokaci guda a wurin, kuma idan lokacin nuna abin ya yi sai ya ce a dasa shi gaban wannan turken. Tunda turken ba ya cikin bishiyarmu, insertBefore ba ya samun wurin da aka nufa, sai ya jefa abin a ƙarshe, shi ya sa saƙon gargaɗi da ya kamata ya fito a saman jeri yake fitowa can ƙasa. Gyaran ba shi da wuya, amma ya bar mana wani nauyi da ya biyo mu har ƙarshe: daga nan akwai ƙulle-ƙullen da ke da matsayi a bishiya amma ba su da fili a allo, kuma duk lissafin da ya biyo baya dole ya san da su ya kuma tsallake su.

Bayan mai zane sai jerin abubuwan da BrowserModule, sashen Angular na burauza, ke bayarwa ba tare da an tambaya ba, waɗanda ba a sanin suna nan sai an cire shi. Manhajar ta ƙi tashi har sai da muka samar da ErrorHandler, mai karɓar kurakurai, da wani abu da zai tsaya a gurbin DOCUMENT, wato wakilin shafi. HttpClient, mai ɗauko bayanai daga saba, a lokacin yana dogara ne da XMLHttpRequest na burauza, wanda babu shi a Node, don haka muka juya shi zuwa fetch, wanda Node ke ɗauke da shi tun fitowa ta 18, sannan muka sa a riƙa cika kowane adireshi daga farkonsa, domin a nan babu wani shafi da gajeren adireshi zai jingina da shi. Mai sauya shafuka yana bukatar sandar adireshi da tarihin komawa baya, muka rubuta masa ƙaramin PlatformLocation da ke riƙe tarihin a ƙwaƙwalwa. Waɗannan duka aiki ne na haƙuri kawai, a tayar, a karanta kuskure, a cike gurbi, a sake tayarwa.

Abin da burauza ke yi a ɓoye

Da bishiya ta tsaya daidai sai tambaya ta gaske ta taso: wa zai faɗi inda kowane abu zai zauna? A burauza mutum yana rubuta CSS ne, wani babban inji da bai taɓa gani ba ya auna, ya raba fili, ya naɗe rubutu. Taminal ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da ya sani shi ne gurabe a jere, kowane gurbi harafi ɗaya da launinsa, kuma girman da aka gada shi ne gurabe 80 a kwance da layuka 24, irin na VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978. Ana sarrafa shi da jerin haruffa da ke farawa da bayit na 27, wato ESC, bisa ƙa'idar ECMA-48 da aka fara wallafawa a 1976: ESC da baka mai kusurwa, wato [, da lambar layi da ta gurbi da harafin H suna kai manuni inda ake so, lambobi 30 zuwa 37 suna sauya launin rubutu, 40 zuwa 47 launin bayansa. Daga nan ba shi da wata masaniya game da akwati ko tebur ko maɓalli.

Muka ɗauki Yoga don rabon fili, injin da Facebook ya saki a ƙarshen 2016, wanda ke aiwatar da tsarin flexbox ba tare da burauza ba, kuma shi ne Ink ma ke amfani da shi. Muka ɗauki gurbi ɗaya a matsayin ma'auni ɗaya. Kowane ƙulli mai bayyana ya sami takwaransa a bishiyar Yoga, kuma a nan ne turakun nan na ɓoye suka sake tasowa, domin ɗa na huɗu a bishiyarmu yana iya zama na biyu a ta Yoga idan akwai tsokaci biyu gabansa, don haka kowace dasawa sai an ƙirga masu bayyana kaɗai. Akwai kuma bambance-bambancen da wanda ya saba da burauza zai yi tuntuɓe da su: Yoga yana jera 'ya'ya daga sama zuwa ƙasa idan ba a ce komai ba, alhali flexbox na burauza yana jera su a kwance, kuma ba ya matse abu don ya shiga fili sai an umarce shi. Ƙulle-ƙullensa ba sa cikin abin da JavaScript ke sharewa da kansa, sai an sake su da hannu, in ba haka ba jerin da ke sabuntawa kowane ɗan lokaci zai riƙa cin ƙwaƙwalwa a hankali har manhajar ta yi nauyi. Sannan babu rabin gurbi. Idan aka ce akwatuna uku su raba gurabe 80 daidai, lissafi yana ba kowanne 26 da ɗoriya, dole a daidaita gefunansu zuwa cikakkun lambobi yadda jimlar za ta koma 80, ko da ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa ƙanƙanta. A allon da ke da dubban ɗigo ba mai lura da wannan, amma a taminal gurbi guda yana iya yanke harafin ƙarshe na kalma.

Awon rubutu shi ne wurin da na fi so mai karatu ya dakata, domin a nan muka fi daɗewa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure cikin natsuwa. Yoga yana tambayar kowane ƙullin rubutu faɗinsa da tsayinsa, mu kuma da farko muka ba shi adadin da length, ma'aunin tsawon rubutu na JavaScript, ke bayarwa, muna ɗauka harafi ɗaya gurbi ɗaya ne. Wannan gaskiya ne ga haruffan Turanci da lambobi, har ma da irin su ƙ da ɗ, waɗanda ke cin bayit biyu a UTF-8 amma gurbi ɗaya a allo. Daga nan ƙa'idar ta rushe ta kowace fuska. Harafin Sinanci ko na Japananci length yana ƙirga shi ɗaya, amma gurabe biyu yake ci. Wasali mai alamar karin sauti a kansa, idan an rubuta alamar daban, ana ƙirga shi biyu alhali gurbi ɗaya yake zama, tunda alamar ba ta da faɗin kanta. Emoji guda kuma yana iya ƙunsar lambobin Unicode da yawa da aka ɗinke wuri ɗaya. Sunayen fayiloli da saƙonnin kuskure da ke shigowa jerinmu suna ɗauke da duk waɗannan, kuma layi ɗaya da aka auna ba daidai ba ya isa ya karkatar da iyakar tebur gaba ɗaya. Muka koma yanka rubutu da Intl.Segmenter zuwa abin da ido ke gani a matsayin harafi guda, sannan mu nemi faɗin kowanne daga teburin faɗin haruffan Gabashin Asiya da Unicode ke wallafawa. Ko da haka ba a gama ba, domin taminal daban-daban suna ɗauke da tebura na shekaru daban-daban, sai wannan ya ba emoji gurbi biyu wancan ya ba shi ɗaya. Ba mu da ikon daidaita su, don haka muka yi abu biyu: muka cire emoji daga duk abin da mu muka tsara, kuma bayan kowane harafi mai faɗi muka riƙa gaya wa manuni takamaiman inda zai tsaya, yadda saɓanin ba zai wuce gurbin da ya faru ba.

A cikin wannan aikin ne muka gano wani rami da ya fi karkacewar tebur haɗari. Saƙonnin kuskure da ayyuka ke fitarwa wani lokaci suna zuwa da nasu umarnin launi a ciki, kuma da yake muna miƙa rubutun ga taminal yadda ya zo, sai taminal ya yi musu biyayya. Yau launi ne ya zube inda bai kamata ba, amma ta wannan ƙofa rubutun da wani ya shirya da gangan zai iya share allo, ya matsar da manuni, ya rubuta ƙarya a kan layin da mai kula ke dogara da shi kafin ya yanke shawara. Kariyar da Angular ke da ita an gina ta ne don HTML da adireshi, ba ta san ESC ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. Tun daga ranar muka sa createText da setValue su tace duk haruffan sarrafawa kafin rubutu ya shiga bishiya, wato lambobi 0 zuwa 31 da 127 zuwa 159, ban da na sabon layi da na Tab waɗanda mu muke fassara su da kanmu. A ganina duk wanda zai gina irin wannan dandamali ya kamata ya fara da wannan tacewa tun ranar farko.

Zanen kansa ya zo da tsohuwar matsala mai tsohon magani. Mun fara da share allo da sake rubuta komai duk lokacin da wani abu ya sauya, sai allon ya riƙa ƙyaftawa, musamman ga wanda ya shigo ta layin da ba shi da ƙarfi. Allo mai 80 da 24 gurabe 1,920 ne, kuma a zamanin layukan bod 9,600, waɗanda ke ɗaukar kimanin haruffa 960 a daƙiƙa, cika shi yana cin daƙiƙa biyu cur. Wannan ne ya sa laburaren curses, wanda Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1970, yake riƙe hoton abin da ke allo ya aika bambanci kawai. Mu ma haka muka yi: allo biyu a ƙwaƙwalwa, ɗaya abin da ke gaban mutum yanzu, ɗaya abin da ya kamata ya gani, a gwada su gurbi da gurbi, a tara umarnin sauyin a dunƙule a aika sau ɗaya. RendererFactory2 yana da begin da end da Angular ke kira kafin binciken sauyi da bayansa, sai muka ɗaura zanen a kan end, kuma ba a yin sa sai in wani umarni ya taɓa bishiyar. Harafi mai faɗi ya bukaci kulawa ta musamman a nan ma, domin gurbinsa na biyu ba fanko ba ne, kuma idan aka rubuta wani abu a kan rabinsa dole a goge ɗaya rabin.

Maɓallai, da wanda ake magana da shi

Shigar da umarni ya fi fitar da zane wuya. A yadda aka saba, taminal yana tara abin da mutum ya buga har sai ya danna Enter, don haka sai an kira setRawMode kafin kowane maɓalli ya iso nan take. Da an yi haka kuma Ctrl da C sun daina kashe manhaja, sun zama bayit na 3 kawai da ke jiran a yi masa fassara, kuma wanda ya manta da wannan ya gina ɗakin da ba shi da ƙofar fita. Abin da ke isowa bayit ne zalla, ba aukuwa mai suna ba. Kibiyar sama ESC ce da baka mai kusurwa da A, Shift da Tab kuma ESC da baka da Z. Tab da Ctrl da I duka bayit na 9 ne, Enter da Ctrl da M duka na 13, babu yadda za a bambance su a tsarin da aka gada, kuma babu labarin sakin maɓalli kwata-kwata, sai na dannawa. Mafi wahala shi ne maɓallin Escape, domin bayit ɗin da yake aikowa shi ne farkon duk sauran jerin, sai an ɗan jira a ga ko wani abu zai biyo baya. Node yana jiran rabin daƙiƙa idan ba a sauya ba. Jira mai tsawo yana sa rufe akwati ya yi nawa, gajere kuma yana sa kibiya ta tsinke biyu a kan layi mai jinkiri, ta zama Escape da wasu haruffa biyu da za su faɗa cikin gurbin bincike. Muka rage jiran, muka bar shi abin da mai amfani zai iya sauyawa, sannan muka ba kowane aikin Escape wani maɓalli na biyu.

Sai tambayar wanda maɓallin ya nufa. Burauza tana riƙe da sanin abin da ke da fokas, wato abin da allon madannai ke magana da shi a yanzu, tana matsar da shi idan an danna Tab, tana kuma hawar da aukuwa daga ɗa zuwa uwa har sai wani ya tsayar da ita. Duk wannan sai da muka rubuta. Wurin da ya fi ba mu aiki shi ne lokacin da abin da ke da fokas ya ɓace, kamar layin aikin da ya kammala ya fita daga jeri alhali mutum na kansa. Idan ba a yi tanadi ba, maɓallai suna tafiya ga ƙullin da ba ya cikin bishiya, manhajar ta yi kamar ta sandare. Ƙa'idar da muka tsayar ita ce removeChild ya duba ko fokas na cikin reshen da ake cirewa, in haka ne ya miƙa shi ga na kusa, in babu ya mayar wa uwa. Haka kuma rubutu irin keydown.enter da ake sawa a zubi, wato HTML ɗin da ke faɗin abin da za a nuna, yana isowa listen a dunƙule, domin abin da ke warware shi yana cikin dandamalin burauza, sai muka rubuta namu.

Wani abu ya faranta mana rai a nan. Tsarin fom na Angular bai bukaci gyara ko kaɗan ba, domin abin da yake yi kawai shi ne ya saka value ta hannun mai zane, ya saurari input da blur. Da gurbin rubutunmu ya fara aiko da waɗannan biyu a siffar da ake tsammani, duk ƙa'idojin tantancewa da aka rubuta don shafi suka kama aiki a taminal.

Akwai wata matsala da ta ɗauke mu lokaci kafin mu gane tushenta: bayanai suna isowa daga saba, amma allo ba ya sauyawa sai an danna wani maɓalli. Angular ɗin da muka yi aiki da shi yana sanin lokacin binciken sauyi ne ta hanyar zone.js, wanda ke lulluɓe masu ƙidayar lokaci da alƙawuran JavaScript, amma ba ya iya ganin async da await na asali, wato wata hanyar rubuta jiran sakamako a JavaScript. Kayan ginin Angular na yau da kullum suna juya su zuwa siffar da yake gani, mu kuwa da muka tsara namu ginin don Node mun bar su yadda suke. Da muka gyara wannan sai muka juya ga kishiyarsa, wato binciken da ya yi yawa: muka fitar da karatun maɓallai da zane daga cikin NgZone, wato yankin da Angular ke sa wa ido, ba a komawa ciki sai an sami mai sauraron da aukuwar ta shafa.

Fita lafiya ma aiki ce. Manhajar tana shiga allo na biyu na taminal ɗin kansa da umarnin 1049 don kada ta ɓata abin da mutum ke yi kafin ya buɗe ta, tana ɓoye manuni, tana sauya yanayin shigarwa, kuma idan ta mutu ba ta mayar da waɗannan uku ba, mutum zai koma taminal da ba ya nuna abin da yake bugawa, a daidai lokacin da yake tsakiyar gyaran wata matsala. Muka tara mayarwar a wuri ɗaya da ake kira a kowace irin fita, har da siginonin dakatar da manhaja irin su SIGTERM da SIGHUP, da kuskuren da ba a tare ba. SIGKILL kuwa ba a iya tare shi, maganinsa shi ne mutum ya buga reset. ErrorHandler kuma muka sa ya riƙa rubutu a fayil, domin duk abin da aka buga kai tsaye yana faɗawa tsakiyar zane, allon ƙwaƙwalwarmu kuma bai san an taɓa shi ba. Idan kuskuren mai kisa ne, sai an mayar da taminal tukuna a buga shi, in ba haka ba ya tafi tare da allo na biyu ba wanda ya karanta.

Abin da aka raba da abin da ya ƙi rabuwa

Burinmu na farko shi ne zubi ɗaya ya yi aiki a wuri biyu, kuma mun yi ƙoƙarin hakan da gaske kafin mu haƙura. Ba gazawar mai zane ce ta hana ba. Teburin shafin yana da ginshiƙai da yawa da ba za su taɓa shiga gurabe 80 ba, yana ɓoye ƙarin bayani sai an ɗora linzami a kai, yana bambance matsayi da launuka masu laushi da ba kowane taminal ke iya nunawa ba, tunda wani launi 8 ko 16 kawai ya sani, wani 256, wani kuma cikakken launi. Da muka fara cusa sharuɗɗa a zubi, in taminal ne a yi kaza in burauza ce a yi kaza, sai zubin ya zama abin da ba mai son taɓawa. Muka tsaya, muka raba: kowace gaɓa, wato ɓangaren manhaja mai nasa zubin, ta sami zubi biyu, amma duk abin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne, wato masu ɗauko bayanai, ƙa'idojin izini, tacewa, fom, da hanyoyin sauya shafi. A taminal matsayin aiki yana fitowa da kalma a rubuce, launi ƙari ne kawai, kuma idan an saka NO_COLOR a muhalli muna barin sa gaba ɗaya.

Ra'ayina shi ne wannan rabuwa ba asara ba ce, domin abin da muka ji tsoron maimaitawa tun farko ƙa'idoji ne, ba kamanni ba, kuma ƙa'idojin suna wuri ɗaya. Amma ba zan ba wanda manhajarsa ba ta da irin wannan nauyin ƙa'idoji shawarar bin hanyar nan ba. Idan abin da ake bukata jeri ne da maɓalli biyu, ƙaramar manhaja daban ta fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba, domin wanda ya gina dandamali ya ɗauki alhakin rabon fili da awon rubutu da fokas har abada, kuma duk sabuwar fitowar firamwok sai ya sake dubawa ko wani abu da ya dogara da shi ya motsa.

Abin da ya rage mana wannan nauyi shi ne allon ƙwaƙwalwar da muka gina don hana ƙyaftawa. Tunda zane yana sauka a kansa kafin ya isa taminal, gwaji ba ya bukatar taminal ko kaɗan: a tayar da gaɓa, a ba ta faɗi 80 da tsayi 24, a aika mata bayit na maɓallai, a karanta guraben a matsayin rubutu a gwada da abin da ake tsammani. Muna maimaita kowane gwaji a faɗi 40 da 200, da sunayen fayiloli masu haruffa masu faɗi, da saƙon da aka cusa wa ESC da gangan. Linzami har yanzu ba mu saka ba, masu kula da sabobin ba su nema ba. Rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci, muna auna faɗinsa amma muna barin jerinsa ga taminal, kuma shi ne abu na gaba a jerin ayyukanmu.